Saƙon da Na Aiko Wunti Daga Gidan Karnuka

Mutumin da aka ce zai tare ni a filin jirgin Istanbul bai zo ba. Na zauna a kan jakata tun hantsi har bayan la'asar, ina aron wayar mutane ina kiran lambar da aka ba ni a Kano. Duk kira wata mata ce ke amsawa da yaren da ban san kansa ba, ni kuma ina ta ce mata, Hajiya, Nura ne daga Bauchi. Sai da wani ɗan Gana ya tausaya mini ya karɓi wayar ya saurara, ya ce ai na'ura ce, tana gaya mini babu wannan lambar. Ranata ta farko ke nan a ƙasar waje, na wuni ina gaida na'ura.

Ni tela ne, shagona yana layin masu ɗinki a Wunti. An ce mini akwai kamfanin ɗinki da ke neman masu hannu, da wurin kwana, da takardar zama. Na tarar ba kamfani, ba wurin kwana, ba takarda. Ɗan Ganan nan ne ya sa ni a mota zuwa Aksaray, unguwar da baƙar fata ke taruwa, ya ce in na sauka in bi duk wanda na ga ya yi kama da ni.

Amma kafin in ci gaba sai na faɗi ko ni wane ne a gida, in ba haka ba ba za a gane inda kunyar take ba.

Muna da ƙungiyar taimakon marayu a unguwarmu. Duk Juma'a bayan la'asar mukan zauna a ƙofar gidan shugabanmu, Alhaji Sule, kowa ya ajiye abin da ya samu, a sayi hatsi, a ɗinka kayan salla. Wata Juma'a, shekara guda kafin tafiyata, Madam Rifkatu ta zo wajenmu. Ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce, 'yar Bogoro, ni ke ɗinka wa 'ya'yanta kayan makaranta. Ta ce allurar rigakafin haukan kare tana nan a ofishinsu, amma mafarautan Miri da manoma ba sa kawo karnukansu. Abin da take nema a wajenmu ba yawa, man mota na yini ɗaya, da ƙanƙarar sanyaya maganin, da kuma bakinmu, wato mu sa liman ya yi shela. Ta ce kare ɗaya in ya haukace, mutane yake bi.

Na miƙe. Har yau ban san me ya miƙar da ni ba, in ba son a ce na iya magana ba. Na ce marayu suna kwana da yunwa a Bauchi za mu ɗauki sadakar Musulmi mu kai wa kare? Na ce gobe kuma sai a zo a ce mu saya musu katifa. Aka fashe da dariya, aka yi kabbara. Madam ta tattara takardunta ta yi mana sai an jima. Tun daga ranar aka laƙaba mini Ustaz, ni da ban wuce 'yan littattafan farko a zauren malam ba. Sunan ya yi mini daɗi, wallahi, har na fara ɗage wando ina tafiya a hankali.

To wannan Ustaz ɗin ne ya sauka a Aksaray da jaka ɗaya.

Na samu gurbi a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, mu bakwai. Wanda katifarsa ke kusa da tawa wani ɗan Senegal ne, Usmanu, dogo, mai dariya da dukan jikinsa. Ya taɓa zama a Sabon Garin Zariya, yana ɗan jin Hausa, shi ya zama mini baki da kunne. Na yi wata uku ina dakon dilar kaya a kasuwar tufafi har kafaɗata ta yi kanta. Na samu ɗinki a wani gida, ranar da aka ce jami'ai na zagaye maigidan ya tura mu waje ta ƙofar baya, washegari ya ce bai taɓa ganina ba. Na koma dako.

Abin da ya fi ba ni mamaki a garin shi ne karnuka. Manya-manya, ƙosassu, kwance a bakin shaguna, a tashar mota, har a ƙofar masallaci, kowanne da ɗan roba maƙale a kunne. Mai nama ya jefa musu ƙashi, tsohuwa ta fito da ruwa a roba. Ni kuwa in na hango ɗaya sai in tsallaka titi. Na riƙa ɗaukar hotonsu ina turawa zauren ƙungiyarmu na waya ina rubuta, ku ga ƙasar Musulmi. 'Yan uwa su yi ta salati, Alhaji Sule ya ce Allah ya tsare mana imaninka, Ustaz.

Sanyi ya shigo. Ban taɓa sanin sanyi yana da haƙora ba. Kasuwa ta mutu, dako ya yi wuya, wata rana burodi da ruwan zafi ne kawai. Matata Hauwa'u in ta kira sai in gyara murya in ce komai lafiya. Da safe in na farka a ɗakin nan mai warin danshi, ba abin da ke faɗo mini sai ƙarar keke a Wunti da masar Goggo Lami. Wata mata ce daga Miri, kullum da sassafe mijinta ke kawo ta a babur da kwandon masa, ta bi layin masu ɗinki shago-shago. 'Ya'yana take ce mana. In ta ga ka yi kwanan aiki sai ta ƙara maka biyu ta ce ka ci, ka rame.

Usmanu ne ya zo wata rana ya ce ya samo mini aiki a wata gona a bayan gari, da abinci, da ɗaki ni kaɗai. Na tambaye shi me ake nomawa, ya ce in je in gani. Muka hau mota biyu, muka sauka a bakin wani daji, muka taka. Tun kafin mu hango shingen na ji haushi, ba na kare ɗaya ba, ba na goma ba. Na tsaya cak. Na ce Usmanu, ka cuce ni. Ya ce to mu koma, ai burodi da ruwan zafi suna nan suna jirana. Na dubi takalmina da ruwan ƙanƙara ya cika, na bi shi.

Mai wurin wata tsohuwa ce, gajeriya, mai ɗankwali, tsohuwar malamar makaranta. Kowa na ce mata Teze, wato inna. Mijinta ya rasu ya bar mata filin, ita kuma ta cika shi da karnukan da mota ta buge, da tsofaffi, da waɗanda aka jefar. Na zaci ba Musulma ba ce. Azahar na yi sai na ga ta cire rigar aikinta ta rataye, ta wanke hannu, ta yi alwala, ta shiga ta ta da salla. Ta idar ta miƙo mini darduma. Na karɓa ina sunkuyar da kai.

Ba ta bar ni na taɓa kare ko ɗaya ba sai da ta kai ni asibiti aka yi mini rigakafin haukan kare, ta sake mayar da ni har aka cika alluran. Ta ga rigata ta Bauchi, ta girgiza kai, ta shiga ciki ta fito da babbar rigar sanyin marigayi mijinta ta ɗora mini a kafaɗa. Hirarmu ta waya ce, ta yi magana a ciki, wayar ta juya mini zuwa Hausa, wani lokaci ta juya shirme mu yi dariya.

Makon farko na sha wuya, kuma ni na ba kaina. Duk karen da ya shinshine ni sai in ruga famfo in wanke wurin sau bakwai, har da ƙasa. Ƙasar waje ta daskare, don haka ta tukunyar furen Teze nake ɗiba a ɓoye. Hannuna ya tsattsage yana jini, furen kuma ya fara langaɓewa. Usmanu ya kawo mini ziyara ya same ni a famfo, ya yi dariya har ya riƙe shinge. Ya ce ashe ba Bamalike ba ne kai, ɗan mazhabar Malikiyya? Ya ce a karatun da muka yi, ni da shi, duk mai rai mai tsarki ne, wanki bakwai kuma na ƙwaryar da kare ya sha ne. Ya ce wasu malaman sun ɗauki yawun najasa, kamar mutanen ƙasar nan, shi ya sa Teze ke canza riga, amma ba wanda ya ce ka kashe furen tsohuwa. Ya ce kare na farauta da na gadin gona kuwa ba a hana ba. Na buɗe baki zan yi musu, sai na tuna da bakina na biya wannan karatun a zauren malam. Ban manta ba, tsallake shi na yi, don ƙyamar da na tashi da ita ta fi mini daɗin riƙewa.

Sannu a hankali na iya aikin. Na iya dafa musu abinci a babbar tukunya, na iya wanke ciwo. Abin da na fi iyawa shi ne riƙe kare a yi masa allura. Ba a jan igiya, ba a kallonsa cikin ido. Ka tsuguna a gefensa, ka yi masa magana ƙasa-ƙasa, ka ɗaure bakin da ɗan ƙyalle, hannu ɗaya ya zagaye wuya, ɗaya ya bi ta ƙarƙashin ciki, ka manna shi da ƙirjinka. Kafin ya ankara an gama. Likitan dabbobin da ke zuwa ya ce hannuna ya fi na duk wanda ya taɓa aiki a wurin. Ban gaya masa hannun tela ne ba. Sau ɗaya wani sabon kare ya cije ni a dantse. Teze ta ja ni famfo ta yi ta wankewa da sabulu, ruwa na zuba, tana kallon agogo, ba ta sake ni ba sai da aka kusa rubu'in awa, sannan muka tafi asibiti. Ta ce in riƙe wannan a kaina, wankin nan da saurin zuwa asibiti su ke raba mutum da kabari.

A gida kuwa, gonar tumaki nake aiki. Haka na gaya wa Hauwa'u, haka na gaya wa ƙungiya. In zan kira waya sai in hau wani tudu a bayan filin, tafiyar minti goma, inda haushi ba ya kaiwa. Duk wata nakan aika gudummawata ta Juma'a, Alhaji Sule ya karanta sunana a zama, a sa mini albarka. Ba wanda ya san daga tukunyar karnuka ta fito.

Na taɓa tambayar Teze, ta waya, me ya sa ba ta kai wannan wahalar ga mutane ba, ga 'yan gudun hijira nan birjik a gari. Ba ta ji haushi ba. Ta ce masu ba mutane suna da yawa, ita ma tana cikinsu, waɗannan kuwa ba su da bakin roƙo. Daga baya na gane duk Juma'a babbar tukunyar da take dafawa a kicin ɗinta ba ta karnuka ba ce, ta wasu iyalan Afganistan ce da ke bayan dajin. Ni nake ɗauka in kai.

Ƙarshen sanyi na biyu ne abin ya faru. Ranar allura ce, tun safe nake riƙe karnuka ɗaya bayan ɗaya, sai azahar muka gama. Na zauna ina shan shayi na buɗe waya, na tarar zauren ƙungiya ya cika da saƙonni. Madam Rifkatu ta sake dawowa da buƙatarta, don lokacin farauta ya yi, kuma an ce an ga mahaukacin kare a wajen Tirwun. Wannan karon ba dariya aka yi ba. Wasu matasa sun ce a yi, ai tsare rayukan mutane ne, wasu sun ce a'a. Kai ya rabu biyu. Sai Alhaji Sule ya yi magana a ƙarshe.

"Ku dakata mu ji daga Ustaz. Shi yana can, ya ga duniya. Abin da ya ce shi za mu bi."

Na ajiye kofin na hau tudu.

Allah ne shaidata, na fara da gaskiya. Na danna wajen ɗaukar saƙon murya na ce, 'yan uwa, allurar nan ba komai ba ce, ƙiftawar ido ce, yau ma da hannuna... Nan na tsaya. Na ji tambayar da za ta biyo baya, da hannunka kamar yaya, Ustaz? Na ga hotunan da na riƙa turawa. Na ga masu ɗinkin layinmu suna tuntsira dariya, na ji sunan da za su sa mini, na ga Hauwa'u a gidan biki ana nuna ta. Na goge.

Na sake dannawa, wannan karon muryar Ustaz ce ta fito, har da gyaran murya. Na ce ni na ga inda wannan hanya take kaiwa. Na ce a nan karnuka na cin nama mutane na kwana a titi. Na ce na san wata tsohuwa da ta ƙarar da duk abin da mijinta ya bari a kan karnuka, ku duba irin wannan asara. Ina faɗa ina sanye da rigar mijin nata. Na ce yawun kare ƙazanta ne, duk abin da bakinsa ya taɓa Musulmi ba ya ci, ba ya sha, ba ya kusanta. Na ce marayunmu su ne a gaba. Ban ce a wanke cizo da sabulu ba, ban ce a ruga asibiti ba, alhali tabon yana dantsena. Minti uku ne da 'yan kai. Na tura.

Kafin in sauko daga tudun kabbara ta cika zauren. Aka yi ta tura saƙon zuwa wasu zaurukan, har wani abokina a Azare ya turo mini abina ya ce in saurari wani malami. Aka ba Madam haƙuri. Na dawo na tarar Teze ta sake ɗumama mini shayin da na bari.

Bayan wata uku Hauwa'u ta kira, na hau tudu muka yi magana. Ta ba ni labarin tsadar masara, da haihuwar ƙanwarta, sannan ta ce af, ka ji Goggo Lami mai masa ta rasu? Ta ce wani kare ne ya haukace a Miri ya ciji mutum uku. Biyu an kai su asibiti sun tashi. Ita kuwa sai da ciwon ya kama ta aka sani. Ta ce an ce in ta ga ruwa sai ta firgita, har sai da aka riƙe ta. Ta ce 'ya'ya huɗu ta bari. Na ce innalillahi, na ce layin ba kyau, na kashe wayar. Na zauna a kan tudun nan har ƙafafuna suka mutu.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. Teze ta matsa, na ce mata wata inna tawa ce ta rasu a gida. Ta tambayi sunanta. Da yamma na ji ƙamshin man shanu daga kicin, na leƙa na ga tana tuƙa wani abin zaƙi na gari da sukari, irin wanda suke yi wa mamacinsu sadaka. Tana tuƙawa tana addu'a, ina jin sunan Lami a bakinta, ba ta ma iya faɗinsa daidai ba. Ta zuba a faranti-faranti ta ce in kai wa maƙwabta. Na kai. Nawa farantin na ajiye a ɗaki har ya bushe. Ban gaya mata abin da ya kashe Lami ba, ban gaya mata abin da na ce a kanta ba, kuma ban ƙara samun dama ba.

Bayan 'yan makonni na shiga gari sayen maganin tsutsa, 'yan sanda suka tare ni a tashar mota suka nemi takarda. Na yi kusan wata guda a wani wurin tsare baƙi, daga can sai jirgi. Ko sallama ban yi da ita ba. Daga baya Usmanu ya gaya mini a waya ta yi ta zagaye ofisoshi tana nemana.

A Wunti an tarbe ni kamar na dawo daga Makka. Ustaz ya dawo. Aka tura ni gaba a sallar la'asar ta zaman Juma'a, na ja, gumi yana bin bayana. A wannan zaman ne Alhaji Sule ya karanta sababbin sunayen marayun da za a kai wa hatsi, na ji 'ya'yan Goggo Lami su huɗu a ciki. Ya ce gobe Asabar za a kai Miri, kuma lallai da Ustaz za a je.

Muka tafi da hantsi a a-kori-kura, ina sanye da farar shadda. Da muka shiga Miri sai muka tarar da taro a filin makaranta, ƙarƙashin wata bishiyar maina. Ashe bayan rasuwar, mai unguwa da kansa ya aika aka kira Madam Rifkatu, ba tare da mu ba. Tana zaune da akwatin ƙanƙararta a kan benci, mafarauta da manoma sun yi layi da karnukansu. Aka ce mana mijin Lami, Baba Garba, yana cikin layin, sai mu jira shi. Muka tsaya a jikin mota.

Aikin ba ya tafiya. Ba wanda ya iya riƙo. Da aka zo kan karen Baba Garba, wani ja mai tsawon ƙafa, mutum biyu suka ja igiya ta nan da ta can har idonsa ya firfito, yana shure-shure yana kumfa. Madam ta matso da allura, ya kai mata cafka, kaɗan ya rage ya kama wuyan hannunta. Alhaji Sule ya ce a'uzubillahi ya ja da baya.

Ban yi shawara da kaina ba. Na ga dai ina tsugune a gefen karen, ina cewa su saki igiyar. Na yi masa magana da 'yan kalmomin da Teze ke yi musu, na zaro hankicina na ɗaure bakin, na zagaye wuyan, na manna shi da ƙirjina. Jikinsa yana rawa, zuciyarsa na bugawa a kan shaddata. Na ce Madam, bismilla, nan bayan wuya. Ta soka ta zare. Na kwance hankicin, ya girgije, ya lashi hannuna.

Ban juya wajen mota ba, amma ina jin idanun 'yan ƙungiyarmu a ƙeyata. Madam ta dube ni, ta dubi sawun ƙafar kare a farar rigata.

"Malam Nura, a ina ka koyi wannan?"

"A can, Madam. Aikina ke nan. Ba tumaki ba ne."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in aiko saƙon nan."

Ta jefa allurar a kwali ta ɗauko sabuwa. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Baba Garba bai tafi ba. Yana tsaye da igiya a hannu, ya ƙura mini ido. Can ya ce ashe kai ne mai muryar nan. Ya ce da na yi shiru da bai gane ni ba, don a babur yake tsayawa a bakin layi, bai san fuskokinmu ba. Na durƙusa a gabansa a kan ƙasa, na ce Baba, ka yafe mini, da na faɗi abin da na sani da an yi allurar nan tun kafin karen ya haukace. Ya ce in tashi. Ya ce kwana ne ya ƙare, kuma karen da ya cije ta ba lallai ne a kawo shi ba ko da an yi. Har na fara jin numfashina yana dawowa. Sai ya ci gaba, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin gona.

"A layinku ta ji saƙon, ta sa aka tura mata a waya. Ta kunna mini sau biyu a tsakar gida, ta ce ɗanta ne na Wunti, ya zama malami. Ranar da karen ya kama ta a hannu, ta ɗaure da tsumma ta ce wuƙa ce. Ni kaina sai da ta kwanta ta gaya mini."

Na ce me ya sa, Baba.

"Ta ce in masu ɗinki suka ji kare ya sa mata baki a hannu, ba wanda zai ƙara cin masarta. Ta ce Ustaz ma ya faɗa."

Ya naɗe igiyar a hannunsa, ya ce wa Alhaji Sule su zo ya nuna musu gidan, yaran suna nan. Suka bi shi da buhunan. Ba wanda ya ce in taso, ni ma ban iya tashi ba.

Madam ta ce a kawo na gaba. Wani mafarauci ya jawo karensa ya tsaya a kaina, yana jira.

Na miƙa hannu na karɓi igiyar.